Ko ciwon daji ya gagari magani, zafinsa bai gagara ba

Bukoki tana cikin unguwannin da suka fi yawan jama'a a birnin Yamai. Sunanta ya samo asali daga bukkokin da mazaunanta na farko suka kakkafa. Yau unguwa ce ta ƴan kasuwar Katako, da masu sana'ar hannu, da ƙananan ma'aikata, da baƙi masu sauka wurin dangi. Gidajen haya ne jere, tsakar gida ɗaya, ɗakuna da dama, bango ɗaya tsakanin iyali da iyali. A irin wannan zama babu abin da ke ɓoyuwa. In jariri ya yi kuka, kowa ya ji. In kuwa akwai mai ciwon daji wanda ciwonsa ya yi nisa, to gidan duka ba ya barci.

A ɗauki misalin magidanci da aka kawo daga ƙasar Filinge ko Dogon Dutsi, aka sauke shi ɗakin ƙanensa a Bukoki. An kai shi asibiti, an yi masa hoto, an gano ciwon daji a cikinsa, ya riga ya bazu. Likita ya ce tiyata ba za ta yi amfani ba. An rubuta magani, an komo gida. Da rana yana daurewa saboda masu gaisuwa. Da dare sai ya duƙa bisa tabarma, ya haɗa gwiwa da ƙirji, don kwanciya rigingine ta gagare shi. Matarsa na cewa: «Sannu, Malam.» Ƙanensa na cewa: «Yaya, a yi haƙuri.» Iyakar abin da ke hannunsu ke nan.

Haƙuri hali ne mai kyau, ba mai musun wannan. Amma akwai zafin da likitoci suka san hanyar kashe shi tun da daɗewa, kuma hanyar ba ta fi ƙarfin ƙasa ba. Barin mutum cikin irin wannan zafi da sunan haƙuri sakaci ne. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce allurar datse jijiya. Ya kamata jama'a su san da ita, hukuma kuma ta ba ta wuri sananne cikin aikin jiyyar masu ciwon daji.

Girman matsalar

Ciwon daji ba baƙo ba ne a Nijar. Tun shekara ta 1992 ake rubuta masu kamuwa da shi cikin wani kundi na musamman a Yamai. Ƙiyasin hukumomin duniya na shekara ta 2020 ya nuna mutum wajen 10.000 ke kamuwa da shi a ƙasar cikin shekara guda. Waɗanda suka fi yawa sun haɗa da na mama, da na hanta, da na bakin mahaifa.

Gwamnati ta yi ƙoƙari. A shekara ta 2007 aka yi dokar jiyyar ciwon daji na mata kyauta. A shekara ta 2021 cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai ta samu na'urar gashi, wadda ke ƙone ciwon da haske mai ƙarfi, tare da taimakon hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya. Kafin wannan shekara, mai buƙatar gashi sai ya fita waje, in yana da hali.

Duk da haka, mafi yawan marasa lafiya suna isowa asibiti a makare. An yi ta jiƙo da turare, an yi ta zagayen masu magani, an sayar da akuya da rago, sai da ciwo ya ci jiki sannan aka kamo hanyar birni. Ga mutane da yawa a wannan hali, maganar warkewa ta wuce. Abin da ya rage shi ne yadda za su yi sauran kwanakinsu. Aikin kula da su shi ake kira jiyyar sassauci: a kashe zafi, a tsaida amai, a wanke miki, a kwantar da hankalin maras lafiya da na iyalinsa. A shekara ta 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya yanke shawara cewa wannan jiyya wani sashe ne na aikin kiwon lafiya da ya hau kan kowace ƙasa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a duniya duka kashi 14 cikin ɗari kaɗai na mabuƙata ke samun ta.

Matakala uku

A shekara ta 1986 OMS ta fito da tsarin kashe zafin ciwon daji mai matakala uku. Matakala ta farko ita ce ta ƙananan magunguna irin su farasitamol. Ta biyu ita ce ta matsakaita irin su kodin da taramadol. Ta uku ita ce ta manya, shugabansu morfin. Ƙa'idar ita ce a ba da magani ta baki, bisa agogo, tun zafin bai komo ba. In aka bi tsarin yadda ya kamata, marasa lafiya bakwai zuwa tara cikin goma suna samun sauƙi.

Abu biyu ke hana ruwa gudu. Na farko, morfin ba ya isa hannun talakan duniya. Wani babban binciken masana da aka buga a shekara ta 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba su samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na irin wannan magani da ake rarrabawa. Na biyu, ko inda morfin yake a wadace, akwai waɗanda bai ishe su ba. Wani an ƙara masa har ya kai ga yawan gyangyaɗi, da amai, da taurin ciki, da ruɗewa, zafin kuwa yana nan. Wani kuma ba ya iya haɗiye kome. Don irin waɗannan ne likitoci ke juyawa ga allura.

Mece ce allurar datse jijiya

Jijiya iri-iri ce a jikin ɗan Adam. Akwai ta jini, akwai kuma ta ji, wadda ke ɗaukar saƙo daga gaɓoɓi ta kai ga laka, laka ta kai ga ƙwaƙwalwa. Zafi saƙo ne mai bin wannan hanya. Amfaninsa shi ne ya sanar da mutum cewa akwai ɓarna a wani wuri, kamar mai shela. Ga mai ciwon daji wanda an riga an san ciwonsa, shelar ta gama aikinta, saura wahala kawai. In aka datse hanyar da saƙon ke bi, ciwon yana nan inda yake, amma kukansa ba ya isa.

Matan Yamai da yawa sun san ƴar'uwar wannan allura. Ita ce wadda ake yi ma mace a baya lokacin da za a ciro jariri ta tiyata: idonta biyu, tana jin magana, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin wuƙa. Waccan tana sakin jiki bayan awoyi kaɗan. Ta masu ciwon daji kuwa ana nufin ta daɗe. Likita yakan fara sa maganin kashe zafi na ɗan lokaci, don ya tabbata bakin allurar ya isa wurin da ake so. In zafi ya kwanta, sai ya zuba alkol mai ƙarfi ko wani ruwa da ake kira fenol, waɗanda ke ƙone jijiyar ta daina aiki.

Wurin da aka fi yi ma wannan aiki yana can cikin ciki, bayan tumbi, gaban babbar jijiyar jini. Nan jijiyoyin ji na hanta, da tumbi, da matsarmama, da pankiriyas suke haɗuwa kamar mararrabar hanya. Pankiriyas wata tsoka ce mai tsawo da ke kwance bayan tumbi, ciwon dajinta kuwa yana cikin mafi zafi. Wani likita Bajamushe, Max Kappis, shi ya fara nuna hanyar kai allura ga jijiyoyin wannan wuri ta baya, a shekara ta 1914. Yau ana shiga ta baya ko ta gaba, likita na kallon bakin allurar cikin hoton radiyo, ko na sikana, ko na eko. Galibi aikin bai kai awa guda ba.

Wuri na biyu yana ƙasa, gaban ƙashin baya, daidai inda ƙugu ya fara. Nan jijiyoyin mahaifa, da mafitsara, da ƙarshen hanji suke bi. A shekara ta 1990 likita Ricardo Plancarte na ƙasar Meksiko da abokan aikinsa suka bayyana yadda ake datse su, don mata masu ciwon dajin bakin mahaifa da sauran masu ciwon mara. Akwai kuma wadda ake yi a ƙarshen ƙashin baya don zafin mazauni, da wadda ake yi tsakanin haƙarƙari don zafin ƙirji.

Har ma akwai hanyar da ba ta buƙatar na'urar hoto ko kaɗan. In likitan tiyata ya buɗe ciki ya tarar ciwon ya wuce cirewa, yana iya zuba alkol a mararrabar jijiyoyin da hannunsa kafin ya rufe. A shekara ta 1993 likitocin asibitin Johns Hopkins na Amurka suka buga sakamakon gwada haka ga masu ciwon pankiriyas 137. An zuba ma wasu alkol, wasu ruwan gishiri. Waɗanda aka zuba ma alkol sun fi samun sauƙin zafi cikin watannin da suka biyo baya.

Dalilin da ya sa ta dace da Nijar

Na farko, kayanta kaɗan ne: doguwar allura, maganin kashe zafi, alkol na asibiti, da na'urar hoto wadda manyan asibitoci suka riga suka mallaka don wasu ayyuka. Abin da ke da tsada cikin aikin shi ne hannun da ya iya.

Na biyu, sau ɗaya ake yin ta, amfaninta ya kai makonni, sau da yawa watanni. Jijiya takan sake tohowa, zafi ya komo, a sake yin allurar in hali ya yi. Ga mutumin da ya fito daga ƙauye mai nisa, wannan babban abu ne. Yana iya komawa garinsu, cikin ƴaƴansa, maimakon ya ƙare kwanakinsa a ɗakin haya, dangi na ta zirga-zirgar neman takardar magani.

Na uku, tana rage yawan morfin da maras lafiya ke buƙata. In morfin ya ragu, gyangyaɗi da taurin ciki sun ragu, mutum ya zauna da hankalinsa. Ɗan abin da ƙasa ke da shi na maganin kuma ya kai ga mutane da yawa.

Iyakarta da haɗarinta

Gaskiya ɗaya ce, sai a faɗe ta. Allurar ba ta warkar da ciwon daji, kada kuma a sa ran za ta ƙara kwana. Galibi ba ta ɗauke zafi duka, rage shi take yi, maras lafiya ya ci gaba da shan magani. Tana aiki ne in zafin yana fitowa daga wuri guda sananne. In ciwo ya bazu cikin ƙasusuwa, can da nan, morfin da na'urar gashi sun fi ta amfani.

Ba kowa ake yi ma ita ba. Wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri in an huda shi, kamar yadda ake gani ga masu ciwon hanta da yawa, allurar na iya jawo masa zubar jini a ciki. Haka wanda ke da ƙurji a wurin da za a soka. In aka jira har ƙari ya cika wurin, ruwan maganin ba ya samun hanyar isa ga jijiyar. Shi ya sa ya fi kyau a yi tunaninta da wuri, kada a aje ta sai ranar da kome ya ƙare.

Bayan an yi ta cikin ciki, ana yawan ganin zawo na ƴan kwanaki, da jiri saboda saukar tansiyo, da ciwon baya a wurin allurar. Waɗannan suna wucewa, ƙarin ruwa da hutu na maganinsu. Akwai kuma haɗari babba wanda ba safai yake aukuwa ba: ruwan ya taɓa laka ko jijiyar jinin da ke ciyar da ita, ƙafafu su shanye. Saboda haka aikin na ƙwararren likita ne, cikin asibiti, bayan an yi ma maras lafiya da iyalinsa bayani da harshen da suke ji, sun kuma yarda. Duk wanda ya zo gida da jaka ya ce zai yi irin wannan allura, a kore shi.

Masu ja da wannan magana

Wasu za su ce: ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, da tamowa, da mutuwar mata wurin haihuwa, ina ta ga kuɗin kashewa ga wanda ba zai tashi ba? Maganar tana da nauyi. Amma su duba abin da iyali ke kashewa yau a kan wannan zafi. Ana sayen ƙwayoyi wurin masu talla bakin hanya, ana ɗaukar tasi tsakar dare zuwa asibiti, ana kwantar da mutum bisa gadon da wani ke jira, mai jiyya ya bar sana'arsa, yarinya ta bar makaranta don ta zauna da uwarta. Kuɗin ana kashe su ko ta yaya, sai dai ba su sayo sauƙi. Ban da haka, wanda ya yi shekara arba'in yana noma yana biyan haraji, haƙƙinsa bisa ƙasa bai faɗi ba ranar da likita ya ce ciwonsa ba ya warkewa.

Wasu za su ce likitocin sa barci kaɗan ne, ɗakunan tiyata sun riga sun sha kansu. Wannan gaskiya ne. Amma ba a ce a gina sabon asibiti ba. Likita biyu ko uku da aka horar, da yini guda cikin mako da aka keɓe, sun isa a fara. Likitocin tiyata da na hoto su ma suna iya koyon nasu rabon.

Wasu kuma za su ga allurar ta zama dalilin ƙyale morfin, tun da ana tsoron ƙwaya. Kowa ya ga ɓarnar da taramol ya yi ma samari a garuruwan ƙasar nan, tsoron yana da tushe. Amma taramol na bakin hanya daban, morfin da likita ya auna ma mai ciwon daji daban. Allura ta mutane kaɗan ce, morfin na mafi yawa ne. Wanda ya kawo allura ya hana morfin, ya yi jinka bai kafa dirka ba. Ƙasar Uganda ta nuna hanya: tun shekara ta 1993 likita Anne Merriman ta fara aikin jiyyar sassauci a Kampala da ruwan morfin na sha mai araha, a shekara ta 2004 kuma doka ta ba ma'aikatan jiyya da aka horar izinin rubuta shi.

Akwai kuma mai jin sunan alkol zuciyarsa ta ƙi. Wannan alkol ba na sha ba ne, ba ya bi ta baki, ana zuba shi ne bisa jijiya don ya ƙone ta. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya kuma gaya ma likita, don fenol na iya maye gurbinsa.

Abin da ya kamata a yi

Ma'aikatar kiwon lafiya ta sa jiyyar sassauci cikin tsarinta da kasonta na kuɗi. Ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, ya tabbata morfin na sha bai yanke ba, tare da rajista mai tsauri don kada ya ɓata hanya.

Sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdu Mumuni ya koya ma kowane ɗalibi auna zafi da bin matakala uku. A zaɓi likitocin sa barci a aika su inda ake wannan allura kullum, su komo su koyar da na baya.

Cibiyar yaƙi da ciwon daji da manyan asibitocin Yamai su haɗa kai su sa rana da ɗaki na masu zafin da ya gagara, a sanar da ita ta rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. In aikin ya kafu, a kai shi Maraɗi, da Damagaram, da Tawa.

Gidan likita na unguwa, wanda ake kira CSI, shi ne ƙofar farko. Ma'aikatansa a Bukoki da sauran unguwanni su san wanda ya kamata a tura, su kuma bi sawun wanda aka sallamo gida.

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ma suna da aiki babba. Duk gidan da ke da maras lafiya irin wannan, mai iya rubutu ya samu ɗan littafi. Ya rubuta lokacin da aka sha magani, da wurin da ke zafi, da lokacin da ya fi tsanani, da ƙarfinsa daga 0 zuwa 10 bisa faɗar maras lafiya kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wannan littafi likita zai gane ko a ƙara magani, ko lokacin allura ya yi. Iyali kuma kada su ji nauyin tambaya. Ɗa yana iya cewa: «Likita, zafin Baba ya fi ƙarfin maganin nan, ko akwai wata hanya?» Wannan tambaya haƙƙinsa ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In hukuma ta kawo magani, jami'a ta horar da hannu, gidan likita ya nuna hanya, iyali suka riƙe littafi, magidancin nan da ke duƙe bisa tabarma a Bukoki zai iya miƙe ƙafa ya yi barci. Zai iya shan fura, ya yi sallarsa ko da a zaune, ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya yi ma ƴaƴansa wasiyya da hankalinsa, ya hau mota ya koma garinsu. Matarsa ma za ta runtsa, haka maƙwabta na bayan bango. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka ma masu jiyya da alheri.